Tambayar da Tahidu Ya San Amsarta

Tahidu da lissafi ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba. Tun yana firamare a Tamale, in malami ya rubuta rabawa a allo sai ya ji kansa ya ɗauki zafi, lambobin su riƙa yi masa yawo a ido. Amma a tambaye shi sarakunan da suka shuɗe, wa ya gaji wa, ko ta ina fatake suke bi daga Kano zuwa Salaga, nan fa ba ka jin bakin kowa sai nasa. Da wannan baiwar ya lallaɓa har jami'a a Ankara, babban birnin ƙasar, ya karanta tarihi. Ranar da ya dawo Sabonjida da digirinsa unguwa ta cika da guɗa, mahaifiyarsa Mma Sala ta sa aka yanka zabi, aka ce ga ɗan arewa da zai zauna ofis ɗaya da Turawa.

Ofishin da ya samu shi ne aji a makarantar midil, da alli, da yara masu gyangyaɗi. Ƙasa ta sami 'yanci, aka sauke tuta aka ɗaga wata, Turawa suka fara ɗaure kaya, kujerunsu suna faɗawa hannun injiniyoyi da akantoci. Duk inda Tahidu ya je neman aiki sai a yaba masa Turancinsa, a tambaye shi ko ya iya kasafi, sannan a ce za a neme shi. Kwat ɗin da ya gama jami'a da ita har ta fara sheƙi a gwiwar hannu. Bai yi fushi da kowa ba. Gajiya kawai ya yi, irin wadda barci ba ya maganinta.

Ana nan sai ga wani kamfani daga Ingila ya sauka a garin, ya kama wani gida mai rufin kwano a hanyar Gurugu. Ba sa sayar da komai, ba sa gina komai. Masu ba da shawara ake ce musu, wato mutanen da gwamnati take biya su zo su tambaye ka yadda kake aikinka, su rubuta da Turanci, sannan su gaya maka yadda ya kamata ka yi shi. Wannan karon an ɗauko su ne su duba ko za a iya kafa masana'antar madara a Tamale, a riƙa tara nonon shanun karkara ana dafawa ana zubawa a kwalba. Shugabansu wani dogon Bature ne da ba ya rabuwa da lofe, don haka gari ya raɗa masa Mai Lofe, sunansa na gaskiya kuwa ba wanda ya wahalar da harshensa da shi. Ya ba da sanarwa yana neman ɗan ƙasa guda ɗaya. Ba tafinta yake so ba, ba masinja ba, mataimakin mai ba da shawara yake so, wanda in ya yi abin kirki za a tafi da shi Ankara a koya masa aikin.

Tahidu ya ƙwallafa rai a kan wannan kujera. Ya san in ta wuce shi, shi da alli sai mutuwa ta raba. Da ya gaya wa Mma Sala cewa aikin yana buƙatar lissafi, sai ta ajiye tankaɗen da take yi ta dube shi.

"Kai da lissafi? Ko gujiya aka aike ka saye, sai mai talla ya tausaya maka."

Bayan tankaɗe da rairaya mutum biyu suka rage, shi da Imurana, wani akawun baitulmali marar yawan magana, wanda yake tara lambobi a ka kafin ka gama faɗarsu. Mai Lofe ya zaunar da su gaba ɗaya, ya tambaye su galan nawa na nono ke shiga Tamale a rana. Tahidu ya ce shi dai bai taɓa ganin inda aka rubuta ba. Baturen ya ce ai ba wanda ya rubuta, so yake ya ga yadda za su yi tunani. Imurana ya ɗauki yawan mutanen gari ya raba, ya ninka, ya miƙa amsa kamar mai miƙa goro. Tahidu ya cika rabin takarda, wani sifili ya ɓace masa a hanya, ya neme shi sama da ƙasa bai gan shi ba. Ko don Turancinsa, ko don digirin, Mai Lofe bai kore shi ba. Ya ce su tafi su dawo ƙarshen wata, kowa ya kawo masa adadin nonon da shanun Gumani suke bayarwa a shekara, wanda ya fi gamsar da shi shi ne da aiki.

Da jin Gumani sai Tahidu ya ɗan sami numfashi, don can gida ne a wurinsa. Yana jariri Mma Sala ta yi wata doguwar jinya, sai Abibatu, Bafulatanar da take kawo musu nono kullum safe, ta ɗauke shi ta haɗa da nata jaririn ta shayar da su tare. Tun daga nan yake ce mata Inna, yake ce wa mijinta Hamman Baffa. Har yau kuwa ba ta fasa ba, gari na wayewa za ka ga ta shigo Sabonjida da ƙwarya a ka, gidansu ne zangonta na farko. Da wannan ƙwaryar ta aurar da 'ya'yanta mata, da ita take sayen gishiri da zane.

Ya hau kekensa bayan an tashi makaranta, ya bi ta tsakanin gonakin dawa har rugar. Aka shimfiɗa masa buzu, aka kawo masa kindirmo, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sai da gaisuwa ta ƙare sarai sannan ya yi gyaran murya, ya tambayi Hamman ko shanu nawa ne a garken. Tsohon ya dube shi kamar ya yi tusa a masallaci.

"Saniya ba a ƙirga shi, ɗana. Mai jangali ne yake ƙirga, sai mahauci."

Abibatu ta ce ya sha nononsa ya bar maganar Nasara. Tahidu ya sha, kunya ta rufe shi, don ya san wannan tun yana yaro, neman aiki ne ya mantar da shi. Da yamma, da shanu suka fara dawowa, sai ya tsaya a bakin garke ya zura hannu a aljihu, duk saniyar da ta wuce ya ja ƙwayar carbi ɗaya a ɓoye. Wani maƙwabci ya yi masa sallama, ya amsa, kafin su gama tambayar gajiya da iyali ya manta inda ya tsaya. Washegari ya sake, ya sami wani adadi dabam. Haka ya yi ta zirga-zirga, kullum carbin da abin da zai gaya masa.

Awon nonon ya fi wannan ɗaure kai. Abibatu da ludayi take awo, Mai Lofe kuwa galan yake so. Tahidu ya wanke wani galan na kananzir, ya zauna a tsakar gida yana zuba ruwa da ludayi yana ƙirgawa, Mma Sala tana kallonsa tana girgiza kai. Bayan ya gama sai ya gano ludayin Abibatu ba ɗaya yake da na maƙwabciyarta ba, kuma saniyar da take cika ƙwarya da damina, da rani sai an roƙe ta take jiƙa gindin ƙwaryar.

Abin da ya riƙa sanyaya masa rai a wannan wahala shi ne hirar Hamman. Tsohon ya ga yaron ya rame, ya ji tausayinsa, sai ya riƙa zama da shi a gindin kaɗanya yana ba shi labari. A nan ne wata rana ya nuna garken da sanda, ya ce in an cire 'yan ƙwarori kaɗan, duk waɗannan ba nasa ba ne. Na mutanen gari ne. Wancan jan bijimin na wani alhaji ne mai shagon yadi, waɗancan na wani mai unguwa, ga na wani direban lori, ga na kawun Imurana. Haka suka taras tun iyaye. Mai saniya ya kawo ta a ɓoye, don kada dangi su dame shi da roƙo, kada hukuma ta sa masa ido. In ta haihu maraƙi nasa ne. Nono kuwa na gidan makiyayi ne, shi ne ladan kiwonsa, kuma a gidan ma na mata ne, namiji ba ya tambayar inda kuɗinsa ya shiga. Ba takarda, ba shaida, amana ce kawai. Tahidu ya san ƙanshin maganar tun da can, kamar kowa a garin, amma bai taɓa jin ta daki-daki ba. Ya yi ta tambaya, yaushe aka fara, su wa suka fara, ya ji irin daɗin da rabonsa da shi tun yana jami'a. Hamman bai ce masa kada ya faɗa wa kowa ba. Ba a gaya wa ɗan gida irin wannan.

Da ƙarshen wata ya matso, Tahidu ya kan zauna bayan sallar asuba da takardunsa yana ninkawa. Amsa uku ya samu. Ta farko ta nuna nonon Gumani zai iya cika tafki a yi wanka, ta biyu kuwa ko mai shayi ɗaya ba zai ishe shi ba. Ya zaɓi ta ukun don ita ce a tsakiya, ya kwafe ta da kyakkyawan rubutu, ya goge kwat ɗinsa da dutsen guga na gawayi. Shi kansa ya san linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

A ofis Imurana ne ya fara. Shi bai ma je ruga ba, bakin kasuwa ya riƙa tsayawa da safe yana duba ƙoren da ke shigowa, ya gina lissafinsa a kai, tsaf ba tangarɗa. Mai Lofe ya gyaɗa kai. Sannan ya jawo takardar Tahidu, ya jawo wani injin lissafi mai mariƙi, ya murɗa, injin ya yi ƙara, ya sake murɗawa. Ya ɗora yatsa a kan wani layi ya ce Tahidu ya nuna masa yadda aka yi ya taso daga nan ya iso nan. Tahidu ya duba. Rubutunsa ne, amma wallahi bai san hanyar ba. Gumi ya bi ta ƙarƙashin kwat ɗin ya gangara. Baturen ya ce da alama an ninka watannin shekara sau biyu, ya faɗa a hankali, ba da wulaƙanci ba, kuma wannan ya fi zafi.

Ya fara tattara takardun, alamar an gama. Yana cusa taba a lofensa sai ya ce, kamar mai magana da kansa, shi abin da ya kasa ganewa a wannan ƙasa shi ne, duk makiyayin da ya je wurinsa sai ya tarar da shi tsaye a tsakiyar shanu, amma ya rantse shi talaka ne. Ya ce ko dai duka maƙaryata ne, ko kuwa akwai abin da ba a gaya masa.

Rabon Tahidu da a yi masa tambayar da ya san amsarta a cikin ofis, har ya manta. Kafin ya yi tunani bakinsa ya buɗe. Ya ce ba ƙarya suke yi ba, shanun ba nasu ba ne. Ya ɗauko zancen daga tushe, yadda makiyaya suka gangaro daga arewa, yadda manoma da 'yan kasuwa suka riƙa ba su kiwo, yadda maraƙi yake na mai saniya nono kuma na makiyayi. Turancin ya riƙa zubo masa ba gargada. Mai Lofe ya ajiye lofen bai kunna ba, ya jawo kujera kusa. Imurana ya yi gyaran murya, ya sake yi, har ya taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Tahidu ya janye ƙafar ya ci gaba, don a karo na farko ana saurarensa kamar mai amfani.

Baturen ya tambaya ko akwai wata yarjejeniya a rubuce. Tahidu ya ce babu. Ya tambaya, to a gaban doka nonon na wa ne. Tahidu ya ɗan tsaya, ya ce a doka dai na mai saniya ne, amma a al'ada ba haka ba ne. Ya tambaya ko masu shanun suna da yawa. Ya ce ba su da yawa, manyan ba su wuce a tara su a zaure ɗaya ba. Da aka ce ya ba da misali, sai halin ɗan tarihi ya motsa, wanda aka koya masa cewa magana ba hujja zance ne kawai. Ya ambaci alhaji mai yadi, ya ambaci mai unguwa, ya ambaci direban. Kawun Imurana kaɗai ya tsallake, don mai shi yana zaune.

Mai Lofe ya miƙe ya ba shi hannu. Ya ce wata da watanni suna fama da matsala ɗaya, yadda masana'anta za ta ƙulla ciniki da mata barkatai waɗanda ba sa sa hannu a takarda, yau suna nan gobe sun bi ciyawa. Yanzu ta warware. Za a ƙulla da masu shanun a cikin gari, lori ta bi rugage da asuba ta kwashe nonon, a biya masu shi, su kuma su yanka wa makiyayansu ɗan albashi. Tahidu ya ji kamar an watsa masa ruwan randa. Ya ce ai nonon shi ne abincin matan rugar. Baturen ya ce wannan magana ce mai kyau, ya rubuta ta, za a liƙa a ƙarshen rahoto. Sai Tahidu ya ji kansa yana tambaya, to lissafin fa?

"Muna da inji," in ji Mai Lofe, ya dafa shi. "Abin da ba mu da shi shi ne mutumin da ake buɗe wa ƙofa."

Ya ce aikin na Tahidu ne. Aikinsa na farko kuma, in an gama zama da masu shanun, shi zai shiga mota ya je Gumani ya yi wa makiyayan bayani, tunda sun yarda da shi. Tahidu ya tambaya in ya ƙi aikin fa. Baturen ya ɗaga kafaɗa ya ce shawarar dai za ta tafi Ankara ko da shi ko ba shi, sai dai wani ya kai saƙon. Tahidu ya tuna ajinsa, da ƙurar alli, da gwiwar hannun kwat ɗinsa. Ya karɓi alƙalami ya sa hannu, bai ji daɗi ba, bai kuma iya ƙi ba.

A baranda ya tarar da Imurana yana ɗaure ƙafar wandonsa zai hau keke. Tahidu ya fara ba shi haƙuri a kan aikin, sai ya ɗaga masa hannu.

"Masta, duk garin nan ya san wannan magana sarai paa. Ni ma na sani. Kai kaɗai ne ka faɗa."

Ya hau kekensa ya tafi. Tahidu bai iya hawa nasa ba, turawa ya yi har Sabonjida. Magana zarar bunu ce, ya sha rubuta wa yara wannan a allo su kwafa. Yana isa gida Mma Sala ta karanci fuskarsa ta ɗauka an hana shi, har ta fara ba shi baki. Da ya ce an ba shi, sai ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka cika gidan, aka sake kama zabi. Ya zauna a tsakiyarsu yana amsa barka da murmushin da ya ara.

Washegari da safe yana zaune a kan tabarma sai ya ji sallamar Abibatu. Ta sauke ƙwaryarta a inda take saukewa tun kafin ya yi wayo, tana haki, don tafiyar Gumani ta fara fin ƙarfin ƙafarta. Mma Sala ba ta bari ta huta ba ta fesa mata albishir. Tsohuwar ta riƙe baki, idonta ya kawo ruwa. Ta buɗe faifai, ta zaɓi inda man ya fi taruwa, ta cika masa ƙaramar ƙwarya har baki. Mma Sala ta miƙa hannu za ta kwance bakin zaninta, Abibatu ta buge hannun, ta ce yau ba ciniki, ɗanta ya zama babban mutum. Ta ce Baffansa zai yi murna, don kullum yana cewa yaron nan wahalarsa ta isa.

Tahidu ya karɓa da hannu biyu. Ya so ya yi magana, ya nemi inda zai fara bai samu ba, shi da bai taɓa rasa farkon labari ba.

"Wane aiki ne za ka yi musu, ɗana?"

"Shawara zan riƙa ba su, Inna."

"Madalla. Allah ya sa su ji maganarka."

Mma Sala ta ce amin. Abibatu ta tsaya a kansa tana jira ya sha, kamar yadda take yi tun yana ƙarami, ba ta ɗaukar ƙwaryarta sai ta ga ya shanye. Ya kafa kai ya sha har ƙasa. Ta karɓa ta goge, ta ce ya kama mata. Ya miƙe ya ɗora mata babbar ƙwaryar a ka, ta gyara gammo, ta ce sai gobe in Allah ya kai mu.